Na Sama da Na Ƙasa: Haƙƙin Ruwa a Kogin Haɗeja

Jawabin Sakataren Gidauniya a taron shekara na masu ba da gudummawa da kwamitocin masallatai



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai saukar da ruwa, Mai raba arziki tsakanin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Mai girma shugaban wannan zama, iyayenmu sarakuna, malamanmu masu daraja, 'yan Majalisar Amintattu, bayin Allah masu ba da gudummawa maza da mata, wakilan kwamitocin masallatai, muna yi muku barka da zuwa, muna kuma gode muku da kuka bar harkokinku kuka amsa kira.

Bayan haka, Ma'aji ya riga ya karanta mana lissafin abin da ya shigo asusu da abin da ya fita, yana kuma cikin rahoton da ke hannunku, saboda haka ba za mu maimaita shi ba. Layi ɗaya kawai muke roƙon ku sake dubawa, wato na agajin ambaliya. Duk wanda ya jera rahotanninmu na 'yan shekarun nan zai ga sunayen garuruwa ɗaya ne suke ta dawowa: Ringim, Auyo, Haɗeja, Kiri Kasamma, Guri, Nguru. Mu kai hatsi da tabarmi da gidan sauro, Allah Ya saka wa waɗanda suka bayar, baɗi kuma mu koma ƙofar gidan da muka tsaya bara. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Majalisar Amintattu ta umarce mu mu bincika dalili, mu zo muku da shawara. Abin da muka tarar shi ne, yawan ruwan sama kaɗai bai isa ya bayyana wannan al'amari ba. Akwai hannun ɗan Adam a cikin yadda ake tare ruwan kogin Haɗeja da yadda ake sakinsa, kuma gyaran ya fi ƙarfin kowace ƙungiya ita kaɗai, har da tamu.

Masanan wannan zamani suna kiran irin wannan magana adalcin muhalli. Ma'anarsa ita ce a duba wane ne ke cin amfanin ƙasa da ruwa da iska, wane ne kuma ake bar wa dattin da asarar, sa'an nan a tambaya ko an shawarci na biyun kafin a yanke hukunci a kansa. Sunan daga Amurka ya fito. A 1982 hukumomin jihar Karolina ta Arewa suka nufi gundumar Warren, wadda mafi yawan mazaunanta baƙar fata ne marasa ƙarfi, domin binne ƙasar da wani sinadari mai guba ya gurɓata. Mutanen suka kwanta a kan hanya gaban motocin da ke kawo ta, aka kama fiye da 500, aka kuma binne gubar duk da haka. Amma a 1987 wata majami'ar Kirista ta ƙasar ta fitar da bincike da ya nuna cewa wuraren zubar da guba sun fi taruwa a unguwannin da ba na farar fata ba. A 1991 kuwa aka yi babban taro a birnin Washinton, inda baƙar fata, da jajayen mutane 'yan asalin ƙasar, da 'yan asalin Kudancin Amurka da na Asiya suka zauna a rumfa ɗaya, kowa ya gane kukan ɗan'uwansa irin nasa ne. Daga nan ne maganarsu ta fara nauyi a kunnen hukuma. Mun kawo wannan tarihi ne don a san inda kalmar ta samo asali. Misalin da ya shafe mu yana nan gida, kuma da yawanmu ruwansa muka yi alwala da shi yau da asuba.

Kogin Kano da kogin Calawa suna haɗuwa a kudancin birnin Kano, su zama kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil da Ringim ya nufi gabas. Kogin Jama'are kuma daga tsaunukan Filato yake gangarowa, ya ratsa ƙasar Bauchi. Idan kogunan biyu suka isa shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa, sai su rarrabu rassa-rassa a tsakanin tuddan rairayi, su malala su yi fadama mai faɗin gaske. A wajen Gashuwa suke sake haɗuwa su zama kogin Yobe, wanda ke wucewa ta Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da jihar Difa ta Nijar, ya ƙare a Tafkin Chadi. An ƙiyasta mutum wajen miliyan 15 ne rayuwarsu ta rataya a kan waɗannan koguna: Hausawa, Fulani, Barebari, Badawa, Mangawa, da ƙabilun Filato da ke can inda ruwan ya fara.

Ɗaruruwan shekaru fadamar tana tafiya a kan tsari ɗaya. Damina ta yi, ruwa ya cika ya malala, kifi ya bi shi ya hayayyafa, manomi ya shuka shinkafa. Ruwa ya fara janyewa, a bi danshinsa da wake da sauran amfanin rani, masunci ya kama abin da ya rage a tafkuna. Can rani ya yi tsanani, makiyayi ya gangaro da shanunsa ya tarar da ɗanyar ciyawa da mashaya, shanun su bar wa gona taki. Fili ɗaya, masu amfani uku, kowa da lokacinsa. Mata kuma suna da kaba ta saƙar tabarma, da itacen girki, da bandar kifi, da turara shinkafa. Akwai kuma wani amfani da ido ba ya gani: ruwan da ke kwanciya a fadama yana tsuma cikin ƙasa, shi ne ke ciyar da rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da kogi, waɗanda wasu mazaunansu ba su taɓa ganin fadamar ba.

A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, mai ɗaukar ruwa kusan mita cubic biliyan 2. A 1992 aka kammala ta Calawa da ke ƙasar Ƙaraye. Wajibi ne mu faɗi alherinsu, domin rashin faɗinsa zalunci ne. Da ruwan Tiga ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, a shirin da aka tsara wa hekta 22,000 a kashinsa na farko. Tumatir da shinkafa da alkamar da ke fitowa daga can sun rufa wa gidaje masu yawa asiri, wani sashe na zakkar da ke shigo mana ma daga nan yake. Ruwan famfon birnin Kano daga waɗannan koguna ake ɗiba. Babu mai hankalin da zai ce a rushe madatsun.

Sai dai abin da ya faru a ƙasa, bayan an tare ruwa a sama, ba a sa shi cikin lissafi ba. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a shekarun 1960 ruwa yakan mamaye hekta 250,000 zuwa 300,000 na fadamar, amma daga baya ya koma 70,000 zuwa 100,000. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da tsakiyar 1980 yana da nasa kaso a wannan, madatsun ma suna da nasu. Abu na biyu ya fi wannan ɓoyuwa, shi ne kuma ke bayyana layin da muka nuna muku a cikin lissafi. Kogin Haɗeja a da yakan cika da ƙarfi a damina ya wanke hanyarsa, ya ƙafe da rani. Yanzu da ake sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara domin noman rani, kogin ba ya yin cikar da za ta share yashi, ba ya kuma bushewa. Wannan yanayi shi ne abin da ciyawar kacala ke so. Ta yaɗu ta toshe rassa, yashi ya taru a gindinta, hanyar ruwa ta cike. Ruwan da ya rasa hanya sai ya karkata, akasarinsa ya bi reshen Marma ya nufi Nguru, ya ci gonaki da gidaje da hanyoyin mota. Reshen Burum Gana da tsohuwar hanyar kogin kuwa suka shiga ƙishirwa, har ya zamana abin da kogin Haɗeja ke kai wa Yobe bai taka kara ya karya ba. Ƙauye guda yana kuka ruwa ya cinye shi, wani ƙauyen da bai fi tafiyar yini ba yana kuka ruwa ya guje shi, kuma cuta ɗaya ce ke damunsu. A cikin kacalar nan ne tsuntsayen jan-baki ke samun maɓoya su afka wa shinkafa da gero da dawa, ruwan da ya tsaya a cikinta kuma ya zama gidan sauro da tsargiya.

A farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki mai suna Edward Barbier da abokan aikinsa suka auna abin da ruwa ke samarwa idan an bar shi ya malala a fadama, ta fuskar noma da su da itace, suka kwatanta da abin da yake samarwa a babban shirin noman rani na sama. Suka tarar, idan da yawan ruwan da aka kashe za a auna, na fadama ya ninka na sama nesa ba kusa ba. Amfanin fadama dai a warwatse yake a hannun ƙananan mutane, kwandon kifi nan, daman kaba can, ba ya shiga kundin ofis, shi ya sa aka ɗauke shi kamar babu.

Ga inda maganar haɗa kan jama'a ta shigo. Idan fili ya ragu, mutum ba ya ganin madatsar da ke can nesa, maƙwabcinsa yake gani. Manomin da ruwa ya ci gonarsa ya matsa ya nome burtali ko bakin mashaya. Makiyayi ya dawo da rani ya tarar hanyar da ubansa ya bi ta zama gonar albasa. Masunci ya datse reshe don ya tara kifi, ƙauyen da ke ƙasa ya wayi gari babu ruwa. Ƙauye ya fasa gaɓar kogi ya jawo ruwa gonakinsa, ya ƙara karkatar da kogin bai sani ba. Rikicin manoma da makiyaya da ake yawan ji a wajen Guri da Kiri Kasamma yana da dalilai da dama, ƙarancin fili da ruwa kuwa na kan gaba. Jihohi ma haka suke: Bauchi ta daɗe tana son a kammala madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, Yobe da Borno suna tsoron ranar da za a yi haka, domin Jama'are ne ya rage musu. Hatta hukumomin tarayya masu kula da kogin biyu ne, ɗaya a Kano tana riƙe da sama, ɗaya a Maiduguri tana riƙe da ƙasa. Manoman tattasai na Difa kuwa, da ba su da ƙuri'a a Nijeriya, sai dai su zuba ido su ga abin da ya iso.

An taɓa gwada tara waɗannan mutane, kuma gwajin ya cancanci a san shi. A 1987 wasu ƙungiyoyin kare halittu na gida da na waje suka kafa shirin kula da fadamar Haɗeja da Nguru. Abin da ya fara jawo su tsuntsaye ne, domin dubban tsuntsaye daga Turai a nan suke cin rani, shi ya sa ma a 2000 aka sa tafkin Nguru da reshen Marma cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci. Mai jin yunwa yana iya cewa ina ruwansa da tsuntsun Bature. Amma awon ruwan da waɗannan mutane suka yi ta yi shekara da shekaru shi ne ya zama hujja a hannun talakan fadama, wanda a da ba shi da abin nunawa sai hawaye. A farkon shekarun 2000 wani shiri da Birtaniya ta ɗauki nauyi ya riƙa tara manoma da masunta da makiyaya da sarakuna da injiniyoyi da jami'an gwamnati a zama ɗaya. Daga nan ƙauyuka suka fito aikin gayya da adda da lauje, suka shiga ruwa suna sare kacala suna buɗe rassa, aka kuma samu wuraren da ruwa ya koma bayan ya daɗe da ɗaukewa. A 2006 gwamnonin jihohi shida, Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, tare da gwamnatin tarayya, suka amince a Damaturu da tsari ɗaya na kula da kogunan, suka kafa asusun amana dominsa, aka kuma tsara daftarin yarjejeniyar rabon ruwa.

Mun yi nazarin wannan tarihi, mun ga abin da ya sa mutanen da ke hararar juna suka iya zama. An fara da awo wanda kowa ya yarda da shi, aka shimfiɗa taswirar kogin gaba ɗaya, na Nguru ya ga ambaliyarsa da ƙishirwar na Burum Gana abu ɗaya ne. Sa'an nan aka ba su aikin hannu da za su yi tare, wanda amfaninsa ke bayyana a damina ɗaya. Wanda kuka shiga ruwa tare har wuya, kuka ci tuwo a kwano ɗaya bayan aiki, da wuya ka zare masa makami saboda saniya ta taka kunya. Mun kuma ga inda rauni yake. Shirin da baƙi suka ɗauki nauyi yana da ranar rufewa, gwamnati tana canzawa, kacala kuwa kowace shekara sai ta tsiro. Gwamnatin Jigawa ta sayi injinan yashe kogi a shekarun baya-bayan nan, abin a yaba ne, amma inji babban reshe yake bi, ƙananan rassan da ke kai ruwa ƙauye sai hannu. Ambaliyar 2022, wadda ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin Nijeriya, Jigawa kuma tana cikin jihohin da suka fi jin jiki, ta nuna aikin bai ƙare ba.

Ya ku malamanmu, ku ne masana, mu ɗalibai ne, amma ku ba mu izini mu tuna wa jama'a cewa rabon ruwa tsakanin na sama da na ƙasa tsohon babi ne a fiƙihu. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa hukuncin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, game da kwarurruka biyu na Madina, Mahzur da Muzainib: na sama ya riƙe ruwa har ya kai idon sawu, sa'an nan ya sake wa na ƙasa. An ba na sama fifiko, an kuma yi masa iyaka. Malaman mazhabarmu suka ƙara sharaɗi, cewa fifikon nan yana tabbata ne idan na saman bai zo bayan na ƙasa ba wajen raya gonarsa. To, manoman fadama sun riga Tiga da ɗaruruwan shekaru. Yadda za a ɗora wannan hukunci a kan madatsar da ke shayar da birni mai miliyoyin mutane aiki ne na masu fatawa, ba namu ba, amma asalin a fili yake: kasancewa a sama ba ya mallaka wa mutum kogi. Haka kuma lokacin da Sayyidina Umar ya keɓe makiyaya ya ɗora bawansa Hunayyu a kanta, umarnin da ya ba shi shi ne ya shigar da mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki, ya yi hattara da garken Ibn Aufin da na Ibn Affan, domin su idan dabbobinsu suka halaka suna da gonaki da dabino, talaka kuwa da 'ya'yansa zai zo ƙofar Halifa. Waɗannan biyu suna cikin sahabbai goma da aka yi wa albishir da Aljanna, duk da haka aka gabatar da mai rauni a kansu wajen ciyawa da ruwa.

Zama da wanda ba naka ba domin kare wanda aka zalunta shi ma yana da asali. Kafin annabci, da aka danne wa wani baƙon ɗan kasuwa daga Zabid kuɗinsa a Makka, wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an suka yi alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta, ɗan gari ko baƙo. Shi ne Hilful Fudul. Manzon Allah ya halarta yana matashi, bayan zuwan Musulunci kuma ya yabe shi, ya nuna da za a kira shi zuwa ga irinsa zai amsa. Muna faɗin wannan ne domin wasu 'yan kwamiti sun tambaye mu ko ya dace gidauniyar Musulunci ta zauna da majami'u da ƙungiyoyin waje a kan wannan batu. Kogin Jama'are a ƙasar da Kiristoci suka fi yawa yake farawa. Idan aka sare itatuwan can, yashin a gonar Musulmin Katagum zai sauka.

Yanzu ga abin da ya shafi aljihu, inda ya kamata mu yi magana a fili. Zakka tana da masu ita, kashi takwas da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma jumhurun malamai, har da na mazhabar Malikiyya, ba su yarda a kashe ta wajen gina gada ko yashe kogi ko makamantansu ba. Mun san Majalisar Malaman Indonesiya ta ba da fatawa a 2015 da ta halatta amfani da zakka wajen samar da ruwa da tsafta bisa wasu sharuɗɗa, amma Gidauniya ba za ta taɓa zakkarku da wannan aiki ba, sai abin da kwamitin malamanmu ya zartar. Zakka za ta ci gaba da zuwa hannun mutum: masuncin da ruwa ya tafi da komarsa, manomin da bashin iri da taki ya danne bayan gona ta nutse, matar da aka bari da marayu a makarantar firamare da aka mayar sansani.

Waƙafi ne ƙofar da ke buɗe. Rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya ya bar wa jama'ar Madina, gugansa daidai da na kowa, waƙafin ruwa ce. Kuma waƙafi yana da sifar da wannan aiki ke nema, wato dawwama, domin asalinsa a tsare yake, ribarsa ce ke fita duk shekara, kamar yadda kacala ke fitowa duk shekara. Saboda haka Majalisar Amintattu tana ba da shawarar a buɗe waƙafi na musamman domin kogin, dabam da asusun zakka, da littafinsa dabam. Abin da ribarsa za ta yi ƙanana ne a ido, shi ya sa ba kowa ke son ɗaukar nauyinsu ba, domin babu allon da za a kafa a rubuta sunan mai bayarwa. Kuɗin motar Arɗo da Sarkin Ruwa da wakiliyar mata zuwa wurin zama. Abincin 'yan gayya, da adduna, da hayar kwale-kwale. Zaman sulhu kafin girbi, lokacin da ake iya sa alamar burtali da mashaya cikin kwanciyar hankali, ba bayan an zubar da jini ba. Da kuma sandar awon ruwa a bakin kogi a garuruwan da muke da kwamiti, wadda wani amintacce zai duba bayan sallar asuba ya rubuta ya aika ta waya. Ruwa yakan ɗauki kwanaki kafin ya taso daga Wudil ya isa ƙasar Haɗeja, saƙon waya kuwa nan take ne. Babu wata hukuma da ke da mutum a kowane ƙauye sau biyar a rana kamar masallaci.

Ga 'yan kwamitoci muna da jan hankali. Kwamitin masallaci akasari mazauna gari ne, wato manoma da 'yan kasuwa. Makiyayin da ke rugga yana sallah bayan limaminku ran Juma'a, amma idan ana rabon fili yana kallon kwamitinku a matsayin ɓangaren manoma, kuma yana da dalili. Kiransa taro bayan an gama shirya abin da za a yanke ba shawara ba ce. A sa ranar zama lokacin da yake nan, a nemi wanda zai fassara da Fulatanci ko Barbarci ko Badanci idan da buƙata, a bar Arɗo ya zaɓi mai magana da bakinsa. Mata su yi nasu zaman, a kawo abin da suka faɗa a rubuce a karanta a gaban kowa, domin su ne suka san nisan itace da ɗanɗanon ruwan rijiya, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Inda za a zauna da waɗanda ba Musulmi ba ko jami'an gwamnati, fadar hakimi ko ajin makaranta ya wadatar. Liman kuma ya kiyaye kada mumbari ya zama wurin ɗora wa wata ƙabila laifi. Ranar da aka ji kwamiti ya karkata, daga ranar ya daina zama mai masauki.

Akwai magana ta ƙarshe da ta fi nauyi a bakinmu, saboda ta shafi waɗanda alherinsu ke riƙe da wannan Gidauniya. Mafi yawanmu a sama muke. Wasunmu suna da manyan gonaki a bakin magudanan noman rani, inda ruwan da aka bari yana zuba dare da rana ba a buƙatarsa yake tafiya ya ciyar da kacala a ƙasa. Wasunmu suna da hannu a masana'antun Sharaɗa da Calawa, kuma sananne ne cewa ruwan jimar fata da ba a tace ba, mai ɗauke da sinadarin kuromiyom, yana gangarawa kogin Calawa, inda ake ban ruwan lambu da shi, ake kuma kama kifi. Ba mu ambaci kowa ba, ba kuma za mu ambata ba. Amma malamai sun karantar da mu cewa haƙƙin bayi ba ya faɗuwa da yawan sadaka, sai an daina cutar an kuma gyara abin da aka ɓata. Wanda ya gyara matatar ruwan masana'antarsa, ko ya rufe bakin magudanarsa idan gona ta ƙoshi, ya taimaki mutanen Guri tun kafin motarmu ta agaji ta tashi. Muna so masu wannan hali su zo wurin zaman da kansu, su zauna kusa da masunci, a ji daga bakinsu abin da za su iya da abin da ya fi ƙarfinsu, domin su ma suna da uzurin da ya kamata a saurara, kamar tsadar wuta da ta kayan tacewa.

Daftarin sharuɗɗan waƙafin yana hannun kwamitin malamai, za a kuma karanta muku shi a zama na gaba kafin a karɓi ko kwabo. Mai niyyar tsayar da shago ko gida ko gona dominsa ya ga Ma'aji bayan an tashi. Kwamitocin da ke garuruwan bakin kogi kuma muna roƙon kowanne ya aiko mana, kafin faɗuwar damina, da sunan Arɗo da Sarkin Ruwa da shugabar matan yankinsa, da sunan reshen da ya toshe kusa da su, da kuma mutumin da suka amince ya riƙa duba sandar awo.

Allah Ya karɓi zakkarku da sadakarku, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.